Alhakin Wa? Lacca a Kan Bindiga da Ƙananan Yara a Ƙasar Amurka

   

Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta ta wata ƙasa ce mai nisa, watau Amurka, inda mutane suka shafe shekaru fiye da talatin suna jayayya a majalisu da kotuna da jaridu a kan abin da ya kamata doka ta yi game da ƙaramin yaro wanda ya tsinci bindigar ubansa ko ta uwarsa, ya ɗauka yana wasa, ya ɗana kunama, ya kashe kansa ko ƙanwarsa ko ɗan maƙwabta. Mai sauraro yana iya zaton wannan ba abin jayayya ba ne, domin babu mahalukin da zai tashi a bainar jama'a ya ce yana son yara su mutu. Amma da yake a can bindiga ta shiga cikin tsarin mulki, ta shiga cikin kasuwanci, ta kuma shiga cikin abin da mutum yake ganin shi ne mutuncinsa da 'yancinsa, sai ya zama ko kwaɗon da za a maƙala mata ya isa ya raba majalisa gida biyu.

Bari in fara da waƙi'o'i biyu, don kada mu yi ta yawo a cikin lissafi mu manta da cewa jinin mutane ake magana. A ƙarshen watan Afrilu na 2013, a wani ƙaramin gari da ake kira Burkesville cikin jihar Kentaki, wani yaro ɗan shekara 5 ya harbe ƙanwarsa 'yar shekara 2 har lahira. Bindigar tasa ce, kyauta aka ba shi, irin wadda wani kamfani yake ƙerawa musamman domin yara da sunan Crickett, gajeruwa marar nauyi, har da masu launin shuɗi da ruwan hoda. An jingine ta a lungun ɗaki, mutanen gidan ba su san da sauran harsashi a ciki ba, uwar kuwa fita ta yi waje na 'yan mintoci. Ba a gurfanar da kowa ba. A ƙarshen Disamba na 2014 kuma, a garin Hayden na jihar Idaho, wata mata 'yar shekara 29, masaniyar kimiyya wadda take aiki a cibiyar binciken nukiliya, ta shiga kantin Walmart da ɗanta ɗan shekara 2 zaune cikin keken sayayya, jakarta tana gefensa. Jakar an ɗinka ta ne da aljihu na musamman mai zif domin ɓoye ƙaramar bindiga, matar kuma tana da lasisi, ta kuma san bindiga tun tana yarinya. Yaron ya zuge zif, ya sa hannu, harsashi ya sami uwarsa, nan take ta cika. Na zaɓi wannan ta biyu da gangan, saboda mutane suna saurin cewa irin wannan musiba ta jahilai ce da mashaya, alhali ga mai ilmi, mai lasisi, mai kula da 'ya'yanta, abin bai ƙyale ta ba.

Yawan abin fa? Masu ƙididdigar makamai na birnin Janeba sun ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kimanin miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, watau sun fi mutanen ƙasar yawa. Wani bincike da aka yi a 2015 ya nuna yara kimanin miliyan 4.6 suna zaune a gidajen da akwai bindiga ɗurarriya wadda ba a kulle ba. Daga 2020 kuwa harbin bindiga ya zarce haɗarin mota, ya zama shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 1 zuwa 19 a ƙasar, ko da yake adalci ya wajabta in faɗa cewa mafi yawan wannan adadi kisan ganganci ne da kashe kai a tsakanin matasa, na kuskure kaɗan ne daga ciki. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, wadda ake kira CDC, ta bi diddigin yara 1,262 da harbin kuskure ya kashe daga 2003 zuwa 2021, ta tarar galibinsu maza ne, galibi a cikin gida abin ya auku, kusan kashi uku cikin huɗu na bindigogin a ɗure suke kuma ba a kulle ba, wurin da aka fi ɗauko su kuwa shi ne gefen gado da ƙarƙashin matashi. Ko wannan lissafin ma akwai giɓi a cikinsa, domin jaridar New York Times ta bincika takardun mutuwa a jihohi da dama a 2013, ta gano cewa harbin kuskure ya kai ninki biyu na abin da aka rubuta, saboda likitocin binciken gawa da yawa, idan wani ne ya harbi wani, sai su rubuta kisan kai kawai, ko da mai harbin bai daɗe da barin nono ba.

Malamanmu na fiƙihu sun riga sun share mana hanyar da za mu fahimci wannan jayayya, kuma ina ganin ma'auninsu ya fi na 'yan siyasar Amurka tsabta. A Risala ta Ibn Abi Zaid an hukunta cewa gangancin yaro daidai yake da kuskure, ba a yi masa ƙisasi, diyya kuma idan ta kai sulusi tana komawa kan aƙilarsa, watau danginsa na wajen uba. Sa'an nan fuƙaha'u suka rarrabe tsakanin mubashiri, wanda hannunsa ya aikata, da mutasabbibi, wanda ya shimfiɗa sababin; har Imamu Malik ya bayyana a Muwaɗɗa cewa wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a inda ba shi da izni, lamunin abin da ya faɗa ciki yana wuyansa, haka nan wanda ya sa yaro ya shiga rijiya ko ya hau dabino ya halaka. Idan mubashiri ba mukallafi ba ne, alƙalami bai hau kansa ba, tilas ido ya koma kan wanda ya yi tafriɗi. Jayayyar Amurkawa duka, in aka tuɓe mata rigar siyasa, a nan take: tun da ɗan shekara 3 ba shi da alhaki, to, nauyin kiyayewa a kan wa za a aza shi, a kan yaron ta hanyar horo, ko a kan maƙerin bindigar, ko a kan wanda ya ajiye ta?

Babbar ƙungiyar ma'abota bindiga ta ƙasar, NRA, ta fi karkata ga horon yaro. Tun 1988 ta fito da wani shiri na makarantu mai ɗauke da hoton gaggafa da suka raɗa wa suna Eddie Eagle, ana koya wa yara cewa in sun ga bindiga su tsaya, kada su taɓa, su bar wurin, su gaya wa babba. Nasiha ce mai kyau, ba ni da ja a kan lafazinta, kuma miliyoyin yara sun haddace ta. Amma haddacewa daban, aiki da ita daban, kuma masu bincike sun gwada. A birnin Atlanta, a wani nazari da aka buga a 2001, likitoci sun sa yara maza 64 'yan shekara 8 zuwa 12, rukuni-rukuni, a cikin wani ɗaki na asibiti, suka ɓoye bindigogin wasa na ruwa a wata durowa, suka ɓoye ƙaramar bindiga ta gaske a wata, an cire mata harsashi an sa mata na'urar da ke nuna in an ja kunama, iyaye da likitoci suna kallo ta bayan gilashin da yaran ba sa ganin na waje. Cikin rukuni 29, guda 21 suka gano bindigar. Cikin waɗannan, 16 suka ɗauke ta suna juyawa. A rukuni 10 kuwa sai da wani ya ja kunama. Kimanin rabin yaran da suka gan ta ba su tabbatar ko ta gaske ce ko ta wasa ba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka taɓa ta sun ce an taɓa yi musu darasin kiyaye bindiga, kuma da yawa cikinsu iyayensu sun riga sun shaida cewa 'ya'yansu ba su da sha'awar bindiga.

Wannan shaidar ta iyaye ita ce raunin da ya fi kowane girma a cikin hujjar horo, domin kowane uba yana ganin ɗansa ya fi na kowa hankali. A karkarar jihar Alabama an tambayi iyaye da 'ya'yansu a ware, aka buga sakamakon a 2006: cikin iyayen da suka ce ɗansu bai san inda bindiga take ba, kusan biyu cikin biyar 'ya'yan nasu sun ƙaryata su, cikin waɗanda suka ce ɗansu bai taɓa taɓa ta ba kuwa, fiye da ɗaya cikin biyar. Akwai kuma masu cewa ai jariri ba shi da ƙarfin jan kunama. An auna wannan ma tun 1995, aka tarar kashi 25 cikin 100 na 'yan shekara 3 zuwa 4, da kashi 70 cikin 100 na 'yan shekara 5 zuwa 6, suna iya jan kunamar mafi yawan ƙananan bindigogi in sun haɗa yatsu biyu. Yaro ƙanƙane kuwa sau da yawa da manyan yatsunsa yake dannawa, bakin bindigar yana duban fuskarsa, shi ya sa 'yan shekara 2 da 3 suka fi harbin kansu. Hausawa sun ce yaro bai san wuta ba sai ta ƙone shi. Illa dai wutar murhu tana barin yaro da tabo da darasi, wannan kuwa ba ta barin wanda zai ɗauki darasin.

To, maƙeri fa? A nan ne, a ganina, tarihin Amurka ya fi ba da mamaki, domin babu ƙasar da ta fi ta sanin yadda ake tsare yaro ta hanyar gyara kayan da kansa. A shekarun 1950 yara suna shiga tsofaffin firiji da aka yar suna wasan ɓuya, ƙofa ta rufe da sakata daga waje, numfashi ya ƙare. Majalisa ba ta tsaya ga yi wa yara wa'azi ba, ta kafa doka a 1956 cewa dole ƙofar firiji ta buɗu daga ciki, daga nan aka koma ƙofa mai maganaɗisu irin wadda ke gidajenku yau. Yara suna shan ƙwayoyin asfirin suna zaton alewa ce. A 1970 aka wajabta murfin kwalba wanda sai an danna an murɗa, mutuwar ta ragu ƙwarai. A 1972 aka kafa hukuma ta musamman mai duba lafiyar kayan masarufi, tana da iko a kan gadon jariri da 'yar tsana da bindigar roba, tana iya janye su daga kasuwa in ta ga aibi. Amma majalisa ta cire bindigar gaske daga ƙarƙashinta, ta kuma ƙara jaddada haramcin a 1976. Saboda haka a yau hukumar tana iya hukunta bindigar wasa, ta gaske kuwa ta fi ƙarfinta.

Kada kuma a ce hikimar ƙira ce ta gagara. Tun 1887 kamfanin Smith & Wesson ya fitar da wata libarba mai wani maɓalli a bayan mariƙi, wadda ba ta tashi sai tafin hannu ya matse shi a lokacin da yatsa yake jan kunama, abin da ƙaramin hannu ba ya iya haɗawa, kamfanin kuma ya tallata ta da wannan siffa. Akwai alamar da ke nuna ko da harsashi a cikin bututu, akwai kuma na'urar da ke hana bindiga tashi in an zare gidan harsashi, wanda rashinta ya kashe yara da yawa da suka zare gidan suka ɗauka bindigar ta zama fanko, alhali ɗaya yana kwance a ciki. Duk waɗannan an san su fiye da shekara ɗari. Amma da shi wannan kamfani na Smith & Wesson ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Shugaba Clinton a watan Maris na 2000, cewa zai riƙa haɗa makulli da bindigoginsa, zai kuma yi aikin ƙera wadda ba ta tashi sai a hannun mai ita, sai ma'abota bindiga suka ƙaurace wa kayansa, ciniki ya faɗi, aka sallami ma'aikata, a shekara mai zuwa aka sayar da kamfanin da araha. Sauran maƙera suka ga abin da ya sami ɗan'uwansu, kowa ya kama bakinsa.

Masu neman gyara su ma sun yi nasu kuskuren siyasa, kuma bai kamata a rufa musu asiri ba. Jihar New Jersey ta kafa doka a 2002 cewa da zarar bindiga mai gane mai ita ta shiga kasuwa a ko'ina cikin ƙasar, bayan 'yan shekaru ba za a sayar da wata ƙaramar bindiga a jihar ba sai irinta. Niyya kyakkyawa ce, amma sakamakon ya zo a juye, domin ta mai da sayar da guda ɗaya tak ya zama barazana ga dukan sauran. Da wani dillali a jihar Maryland ya ce zai sayar da wata ta Jamus mai aiki da agogon hannu a 2014, barazanar kisa aka yi masa har ya janye. Sai a 2019 aka sassauta dokar. A 2005 kuma majalisar tarayya ta ba maƙera da dillalai kariya daga mafi yawan ƙararraki, ta haɗa da sharaɗin cewa dillali ya ba da makulli tare da kowace ƙaramar bindiga da ya sayar. Ba da makulli wajibi ne a kan mai sayarwa. Amfani da shi kuwa, a dokar tarayya, bai hau kan kowa ba.

Da aka toshe ƙofar maƙeri, horon yaro kuma ya kasa, sai nauyi duka ya faɗo kan mai ajiya, kuma a nan ne dokokin jihohi suka shigo. Fulorida ce ta fara a 1989, bayan an yi harbe-harben yara a jere cikin 'yan makonni har hankalin jama'a ya tashi: wanda ya bar bindiga ɗurarriya inda yaro zai kai gare ta, yaron kuma ya yi rauni ko kisa da ita, ya aikata babban laifi mai kai mutum kurkuku. Masu tsara dokar sun san abin da suke taɓawa, don haka suka sa sharaɗin cewa idan a cikin iyali abin ya auku, ba za a kama kowa ba sai bayan kwana bakwai, watau a bar mutum ya binne ɗansa tukuna. Yau fiye da rabin jihohi hamsin suna da irin wannan doka, amma sun sha bamban ƙwarai: Massachusetts ta wajabta kulle kowace bindiga muddin ba ta hannun mai ita, ko da yaro a gidan ko babu, wasu jihohin kuwa ba sa hukunta kowa sai wanda ya miƙa wa yaro da ganganci.

Shin dokar tana aiki? Wani nazari na 1997 ya sami raguwar kashi 23 cikin 100 na mutuwar kuskure a tsakanin 'yan ƙasa da shekara 15 a jihohin da suka kafa ta. Wani na 2000 ya ce mafi yawan raguwar daga Fulorida ta fito, inda hukuncin yake da tsanani kuma aka yayata shi sosai. Masanin tattalin arziki John Lott da abokin aikinsa sun buga akasin haka a 2001, suka ce dokar ba ta rage haɗari ba, sai ma ƙarfafa wa ɓarayi gwiwa. Cibiyar RAND, wadda ba ta cikin kowane ɓangare, ta tattara nazarce-nazarcen ta auna ingancinsu tun daga 2018, kuma duk da cewa ta ce hujja a kan yawancin dokokin bindiga rarrauna ce, ta sa wannan doka a cikin 'yan kaɗan da hujjarsu ta fi ƙarfi, wajen rage raunin kuskure da kuma kashe kai a tsakanin yara. Ni a nan na tsaya.

Amma wajibi ne mu saurari ɗaya ɓangaren da kunnen adalci, domin ba mahaukata ba ne. Mutumin da ke zaune a ƙauyen da ɗan sanda ba ya isowa sai bayan rabin sa'a yana cewa: na sayi bindiga ne domin daren da ɓarawo zai fasa ƙofata, in kuwa tana cikin akwatin ƙarfe, harsashi yana wani ɗaki, makulli yana wani wuri, to, me na saya? Yana ƙarawa da cewa wurin iyo na harabar gida ya fi bindiga cin ƙananan yara, kuma gaskiya ne. Cewa mutuwar harbin kuskure ta ragu ƙwarai tun shekarun 1970, wannan ma gaskiya ne. Cewa kuma ba a iya tabbatar da dokar sai hukuma ta leƙa ɗakin kwanan mutum. Kotun Ƙoli ta ba shi rabin gaskiya a 2008, a shari'ar Heller, inda alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, suka hukunta cewa gyara na biyu na tsarin mulki, wanda aka tabbatar tun 1791, ya ba kowane mutum haƙƙin riƙe bindiga a gidansa domin kare kai, suka kuma rushe dokar birnin Washinton wadda ta wajabta a kwance bindiga ko a kulle kunamarta a kowane lokaci. Sai dai Alƙali Scalia, wanda ya rubuta hukuncin, ya bayyana a cikinsa cewa bai rushe dokokin ajiya na hana haɗari ba, kuma wannan jumla masu ɗaga hukuncin sukan tsallake ta.

Jawabina ga wannan mutum shi ne, hujjarsa ta dare ta tsufa, domin yau akwai ƙaramin akwati da ake ɗaurewa a gefen gado, yana buɗewa da lambobi ko da zanen yatsa cikin daƙiƙa biyu ko uku, kuɗinsa kuma bai kai rabin na bindigar ba. Ɓarawon da yake tsoro wataƙila ya zo, wataƙila har abada bai zo ba. Yaron kuwa yana cikin gidan kowace rana, ya san kowace durowa, yana kuma da lokacin da uban ba shi da shi. Wurin iyon da ya kafa hujja da shi ma, ai jihohi da birane da yawa sun wajabta kewaye shi da shinge mai ƙofa, ba wanda ya kira wannan zalunci. Ma'abota usulu na mazhabarmu suna kiran irin wannan saddu zari'a, toshe kafar da ke kaiwa ga ɓarna ko da asalin abin halal ne. Ya kuma tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya yi wa wani rauni. Ba a hana shi kibansa ba, an dai ɗora masa nauyin tsininsu.

Inda nake da shakka shi ne wajen hukunci bayan aukuwa. Masu gabatar da ƙara da yawa ba sa son gurfanar da uban da ya riga ya rasa ɗa, masu taimaka wa alƙali ma ba sa son kama shi da laifi, kowa yana cewa abin da ya same shi ya ishe shi. Ga kuma haɗarin cewa inda hukunci ya dogara ga tausayin mai gabatar da ƙara, talaka da baƙar fata su ne za su fi shan sa. Amfanin dokar na haƙiƙa yana gaban musiba, lokacin da take sauya al'ada, har kulle bindiga ya zama kamar ɗaura bel a mota, har uwa ta iya tambayar maƙwabciya ko akwai bindiga a buɗe a gidanta kafin ta bar ɗanta ya je wasa, ba tare da an ɗauka cin fuska ba ne. Duk da haka jihar Mishigan ta buɗe sabon babi a 2024, da kotu ta kama uwa da uban wani yaro ɗan shekara 15 da laifin kisa ba da niyya ba, ta ɗaure kowannensu shekara 10 zuwa 15, saboda ɗan nasu ya kashe ɗalibai huɗu a makarantar Oxford a Nuwamban 2021 da bindigar da suka saya masa ba su tsare ta ba. Wancan kisan ganganci ne, ba irin wanda muke magana a kai ba, amma ƙa'idar da aka kafa ita ce ta mutasabbibi, kuma a shekarar ce dokar ajiya ta jihar ta fara aiki.

Wani abin takaici, wanda ya kamata jami'a ta ji shi, shi ne yadda aka yaƙi ilmin kansa. Bayan likita Arthur Kellermann ya buga bincike a 1993 cewa ajiye bindiga a gida yana tare da ƙaruwar haɗarin kisa a gidan kusan ninki uku, majalisa ta zare dala miliyan 2.6 daga kasafin CDC a 1996, daidai abin da ta kashe a kan binciken bindiga, bisa jagorancin ɗan majalisa Jay Dickey na jihar Arkansas. Bincike ya yi sanyi fiye da shekara 20. Shi Dickey da kansa ya fito a 2012 ya nemi a dawo da shi, amma sai a ƙarshen 2019 aka ware dala miliyan 25. Fulorida kuma, wadda ta fara dokar ajiya, ita ce ta kafa doka a 2011 mai takura wa likita tambayar iyaye ko akwai bindiga a gida, har sai da kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta rushe wannan sashe a 2017. A Birtaniya, don kwatanci, ajiya a akwatin ƙarfe sharaɗi ne na lasisi, 'yan sanda sukan zo su duba, ƙananan bindigogi kuma an haramta su a 1997 bayan kisan yara 16 da malamarsu a Dunblane. Amma Birtaniya ba ta da gyara na biyu, saboda haka hanyarta ba ta buɗe wa Amurka ba.

Saura kalma ɗaya game da gida, ba don halinmu ɗaya da nasu ba, domin dokarmu ta makamai ta 1959 ba ta ba kowa haƙƙin bindiga ba sai da lasisi. Amma kowa a zauren nan ya san cewa rashin tsaro ya shigar da bindiga gidajen da a da sai na maharba, yau tana ɗakin ɗan sa-kai da ɗan banga da manomin da ya gaji da gudu. Bindigar toka kuwa ɗurinta yana cin lokaci, sai an zuba albarushi an tura an danna, saboda haka mai ita yakan bar ta a ɗure, ya jingine ta bayan ƙofa ko ya tura ƙarƙashin gado, da hujja iri ɗaya da ta wancan Ba'amurke na ƙauye, a gidan da yara suka fi na Ba'amurken yawa, suna shiga kowane ɗaki. Idan abin ya auku sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a yi jana'iza, a yi shiru, babu likitan da ya rubuta, babu alƙalin da ya ji. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma malaman da suka karantar da mu ƙaddara su ne suka rubuta babin lamuni. Ina roƙon likitocinmu su fara rubuta irin waɗannan raunuka da shekarun yaron da inda aka ɗauko bindigar, shugabannin 'yan sa-kai kuma su sa maganar ajiya cikin sharuɗɗan da suke gindaya wa wanda suka ɗauka.